Murfin injin tsohuwar Honda ya yi fari-fari, me zai dawo da ƙyallinsa?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin masana. Akwai Honda CD175 ta mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da ya saya lokacin kuɗin Udoji, wajen 1975. Ta daɗe a jingine a zaurenmu a Gwammaja, yanzu na fito da ita ina son tashinta. Bakanike ya duba ya ce injin bai kama ba. Abin da ya dame ni murafan injin ne na gefe biyu da kwanon birki na tsakiyar wili. Duk sun yi wani fari-fari mai gari, wani wurin kuma rawaya yana ɓarewa. An wanke da omo, da ya bushe sai ya koma yadda yake. Me zan shafa su dawo suna ƙyalli?

Ɗan Kurna: Wa'alaikumus salam Yaya. Ai wannan ba abin tashin hankali ba ne. Ka sayi sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, ka jiƙa a bokiti, ka tsoma murafan ciki. Kafin ka gama shan shayi sun fito fes.

Baba Na-Fagge: Kul! Baban Ilham, kada ka kuskura. Kai kuma Ɗan Kurna, wa ya koya maka wannan ɓarna? Soda cin alminiyom take yi. Murfin zai fito baƙi ƙirin, jikinsa duk ƙananan ramuka, in ya daɗe a ciki ma zaren noti ya tafi. Murfin CD175 kuwa ba abin da za ka shiga Ƙofar Ruwa ka ɗauko cikin minti biyar ba ne, sai ka yi ta yawo wurin 'yan gwangwan ko Allah zai sa a dace.

Ɗan Kurna: Allah ya huci zuciyarku Baba. Amma wallahi da idona na ga masu wankin inji suna tsoma kaya a soda.

Malamin Kimiyya: Abin da ka gani gaskiya ne, ƙarfen ne ya bambanta. Soda ba ta cin baƙin ƙarfe, maiƙo da fenti kawai take cirewa, shi ya sa masu wankin bulok na ƙarfe ke sonta. Alminiyom kuwa narkar da shi take yi. Idan ka tsoma za ka ga ruwan yana tafasa da kansa, bokitin yana ɗaukar zafi. Kumfar nan da ke tasowa iskar haidirojin ce, kuma tana kama wuta, don haka ko sigari aka kunna kusa akwai haɗari. Baƙin da Baba ya ambata shi ma da dalilinsa. Murfin inji ba tsantsar alminiyom ba ne, an gauraya shi da silikon da ɗan jan ƙarfe don ya zubu da kyau a mazubi. Soda ta cinye alminiyom ɗin saman, ta bar sauran a kwance a fuskar murfin, shi ne wannan dauɗar mai duhu. Ruwan batir ma a bar shi inda yake, na ji wasu suna ba da shawararsa.

Maman Sadiq: Ni fa ban san babur ba, na maigidan ne ya sa nake leƙowa nan. Amma mu da tukwanenmu, toka da soson ƙarfe muke sa musu su yi haske. In cikin tukunya ya yi duhu kuma a tafasa tsamiya a ciki, ya washe. Ba zai yi a nan ba?

Malamin Kimiyya: Hajiya, rabin maganarki na kan hanya. Tsamiya da lemon tsami suna da ɗan tsami marar ƙarfi da ke ɗauke tabo, ba za su cutar da murfin ba muddin an ɗauraye da ruwa sosai an goge. Sai dai haske suke kawowa, ba santsi ba. Toka kuma dangin soda ce mai rauni, ga tsakuwa a cikinta da ke karce. Soson ƙarfe shi ne na fi tsoro: yana barin ƙananan ɓurɓushin ƙarfe a maƙale a jikin alminiyom, da damina ta sauka sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa a kan abin da shi kansa ba ya jan tsatsa. Tukunya kullum ana sake wanke ta, ba wanda zai lura. Murfin inji kuwa sau ɗaya ake so a yi a huta.

Baba Na-Fagge: Madalla da Malam. To Baban Ilham, bari in yi maka bayani a tsanake, don tambayarka ta me zan shafa ita ce inda mutane ke ɓata. Ba a shafawa ƙyalli yake ba, a gugar yake.

Wannan rawayan da ka ga yana ɓarewa ba datti ba ne. Kamfanin ne ya goge murfin tun a Japan, sannan ya fesa masa fenti marar launi, irin wanda 'yan fenti ke kira kiliya, don kada iska ta taɓa shi. Shekaru da zafin inji suka sa ya yi rawaya ya tsattsage, ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashinsa yana kwana. Farin garin nan shi ne tsatsar alminiyom. Muddin wannan tsohon fentin yana nan, ko gwangwanin man goge goma ka ƙarar a kai, fentin kake gogewa, ba ka kai ga ƙarfen ba.

Ka kwance murafan daga jikin injin tukuna, ka zubar da baƙin mai kafin ka taɓa na ɓangaren kuloci. A nan ma sai ka yi hattara da kusoshin. Na Japan ne, in ka duba kan wasunsu za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Sukundireban kasuwa ba ya zama daram a cikinsu, zamewa yake yana cinye kan. Ga shi ƙarfe ya shekara hamsin a cikin alminiyom, sun riƙe juna. Ka nemi sukundireban nan da ake buga wa guduma, ka ɗiga musu mai su kwana. Kwali za ka samu ka zana siffar murfin, kowace kusa ka soke ta a gurbinta, domin tsayinsu ba ɗaya ba ne.

Ka wanke maiƙon da kananzir da tsohon buroshin haƙori. Na san ya yi tsada, man gas ma zai yi. Fetur dai ban yarda da shi ba, na ga abin da ya yi wa mutane a gareji. Bayan nan ruwa da sabulu, ka shanya. Sai ka je wurin masu kayan fentin mota ka sayi maganin cire fenti, ka karanta jikin gwangwanin ka tabbata ya halatta a kan alminiyom, don wasu da soda ake haɗa su. Ka shafa a waje inda iska ke kaɗawa, da safar hannu. Fentin zai tattare, ka kankare da katako ko roba, ban da wuƙa.

Daga nan aikin samfefa ne, irin baƙar nan ta ruwa. Lambar da ke bayanta, in ta yi sama laushinta ya ƙaru. In murfin ba shi da rauni mai zurfi ka fara da 400. Inda takalmi ko faɗuwa suka yi masa gwaɓi, nan kaɗai za ka sa 240 ko 320, kada ka bi duk jikin da ita. Ka ajiye roba da ruwa da ɗigon sabulu, kana tsomawa kana gugawa. Daga 400 sai 600, sai 800, sai 1000 ko 1200, sai 1500, ka ƙare da 2000. Kowace lamba aikinta ɗaya ne, ta share karcen da ta gabanta ta bari. Shi ya sa in ka guga wannan a tsaye, ta gaba ka guga a kwance. Da ka daina ganin layukan tsaye, ka san lokacin canji ya yi. Samarin yanzu daga 400 suke tsallakawa zuwa 2000, su shafa mai, abin ya yi walƙiya a inuwa, a fito da shi rana sai ga zane birjik.

Baban Ilham: Allah ya ƙara girma Baba, ya saka da alheri. To man gogen fa, wanne zan saya? Kuma wannan aikin da hannu zai yiwu kuwa?

Baba Na-Fagge: Zai yiwu, yatsu ne dai za su gaya maka. Autosol na Jamus shi muka saba da shi, ɗan matsi kaɗan a tsumman auduga, tsohuwar singileti ta fi komai. In ba ka samu ba Brasso ma yana ɗan taɓawa, sai dai an yi shi ne don tagulla. Tsumman zai yi baƙi, kada ka tsorata, alama ce ta cewa ka kai ga ƙarfen. In bai yi baƙi ba, akwai sauran fenti a wurin. A ƙarshe ka barbaɗa ɗan garin sitaci ko fulawa a tsumma mai tsabta ka bi kai, yana kwashe baƙin da ya maƙale a lungu da cikin rubutun HONDA.

Mai Fenti Ƙofar Ruwa: Ni dai da za a ji tawa, duk wannan wahalar ba ta taso ba. A kawo min murafan, in guga sama-sama, in fesa ruwan azurfa mai jure zafi, gobe a zo a ɗauka. Shekara nawa mutum zai yi yana bin samfefa bakwai? Kuma wanda aka goge ɗin nan, bayan wata uku ya dushe, sai an sake. Fenti kuwa wanka kawai.

Ɗan Kurna: Oga kasuwa yake nema a nan 😂

Mai Fenti Ƙofar Ruwa: Ina nema mana, da me zan ci abinci? Amma ka tambayi Baba ko ƙarya na yi.

Baba Na-Fagge: Ba ka yi ƙarya ba, kuma akwai inda fenti ne daidai. Tsakiyar injin, wato bulok ɗin da murafan ke rufewa, dama ba a goge yake zuwa ba, can aikinka ne. Haka murfin da tsatsa ta ci ta yi rami mai zurfi. Irin wannan zubin yana da ƙananan kofofin iska a cikinsa, fatar sama ce kawai mai santsi. In mutum ya nace sai ya shafe kowane rami, sai ya huda fatar ya tarar da wasu ramukan a ƙasa, yana gugawa suna ƙaruwa. Wannan a kai maka shi. Amma murfi mai lafiya a rufe shi da fenti, ni a wurina asara ce. Fetur ya ɗiga daga kafireto ya ɓata shi, takalmi ya goge shi wajen giya, shekara biyu ya zama dabbare-dabbare.

Alhaji Mai Vespa: Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma ni ina da ja a kan abin da kuke nema tun farko. Wa ya ce babur ɗin nan da ƙyallin madubi ya fito daga kamfani? Mu da muka gan su sababbi a titin Kano, hasken murfin mai laushi ne, ba ya kashe ido. Ƙyallin madubi na salansa ne da wili da madubin kansa, su da aka yi wa ruwan kurom. Yanzu sai ka ga yaro ya goge komai har ba ka bambance alminiyom da kurom, babur ya fita daga kamanninsa. Honda ta yi wannan samfurin daga 1967 zuwa 1979, wanda ya san shi ya san yadda yake. Vespa tawa injinta ko samfefa bai taɓa gani ba, kananzir da buroshi kawai, kuma duk inda na tsaya sai an taru. Baban Ilham, ka tsaya a 800 ko 1000, ka bi da ɗan mai sama-sama. Abin da mahaifinka ya hau ke nan.

Baban Ilham: Ranka ya daɗe, wannan magana ta shige ni. Amma gaskiya ina son in ga yana walƙiya ranar da zan fito da shi.

Ɗan Kurna: Yaya ka goge abinka ya yi ƙyalli. Su Alhaji sun ci zamaninsu.

Alhaji Mai Vespa: Mun ci, kuma baburanmu suna nan da rai. Naku na yanzu shekara nawa suke yi kafin a kai su gwangwan?

Malamin Kimiyya: Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abu ɗaya dai zan ƙara wa maganar Alhaji: daga 1000 kana iya wucewa zuwa madubi duk ranar da ka ga dama, amma naman ƙarfen da ka cinye ba ya dawowa. Ka tsaya a inda ya ce, ka ɗaura murfi ɗaya ka kalle shi a rana, sannan ka yanke hukunci.

Kafin samfefa ta taɓa komai kuma, a gwada da maganaɗisu. In ya kama, ƙarfe ne, in yana ƙyalli to kurom ne a kansa, kuma kurom ɗin siriri ne ƙwarai, samfefa za ta cinye shi nan take. In bai kama ba kuma abin ba nauyi, alminiyom ne, nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe. Wasu baburan, musamman na tsere, suna da murfin magniziyom. Shi ana gane shi da ɗigon ruwan khal a ciki inda ba a gani: in ya yi kumfa shi ne, kuma ba a barin sa tsirara, sai fenti.

Injiniya Sharaɗa: Baba, ina da giranda ta hannu a shago. In na ɗaura mata faifan tsumma ba zai rage wahalar ba?

Baba Na-Fagge: Wacce, ƙaramar ta masu walda? Ajiye ta. Tana juyi wajen dubu goma sha ɗaya a minti, faifan tsumma ba a yi shi don wannan gudun ba. Za ta ƙona man, ta yi wa murfin kwari-kwari, in ta kama gefe kuma ta fizge shi daga hannunka. Ta kan teburi ita ce daidai, wadda ke yin kusan dubu uku. Ka sa sabulun guga mai ruwan ƙasa a faifai ɗaya, fari a wani faifan dabam, kada ka haɗa su. Ka riƙe murfin a ƙasan tsakiyar faifan, yadda in ya kuɓuce ƙasa zai nufa, ba fuskarka ba. Kada ka danna, kuma kada ka tsaya wuri ɗaya, alminiyom nan da nan yake ɗaukar zafi. Takunkumi da tabarau dole ne. Babbar riga da hannun kaftani mai lilo kuwa a cire su a rataye. Ko da injin ma, ba ya ɗauke maka samfefa, matakin ƙarshe kaɗai yake sauƙaƙawa.

Injiniya Sharaɗa: Na gode Baba. Haƙarƙarin silinda fa? Na ga wasu a intanet suna goge su har suna walƙiya.

Malamin Kimiyya: Bari in riga Baba. Injin nan ba shi da lagireto, iska ce ke sanyaya shi ta waɗannan haƙarƙarin. Fuska mai santsi da ƙyalli ba ta fitar da zafi kamar mai kaushi ko mai duhu. Mafi yawan sanyin daga iskar da ke wucewa yake zuwa, don haka ba zan ce injin zai ƙone saboda guga ba, amma a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga cunkoson Kantin Kwari da Bata, ban ga dalilin rage masa ko kaɗan ba. A wanke tsakaninsu tas, a cire laka da maiƙon da suka toshe, wannan ya fi amfani. Wanda ya matsu ya goge bakin gefensu kawai.

Baba Na-Fagge: Haka ne. Kuma ga wuraren da samfefa ba ta zuwa ko da wasa. Fuskar da gaskit ke kwanciya a kai, in ka cinye ta ko kaɗan mai zai riƙa tsiyaya har abada. Gurbin boris da na roba mai tare mai. Cikin kwanon birki inda takalmin birki ke kamawa, nan ko ɗigon man goge kada ya taɓa, in ba haka ba ka taka birki a Ƙofar Nasarawa ka tsaya a Gidan Murtala. Ƙurar da ke cikin kwanon kuma kada a hure ta da baki, tsofaffin takalman birki da asbestos ake yin su, yana lalata huhu. Jiƙaƙƙen tsumma za a sa a kwashe. Sai lambar inji da ke jikin bulok. Ka bar ta yadda take ko da ta yi datti. Lambar da aka ga alamar guga a kanta, sai ka yi dogon bayani a hanya kafin a yarda ba na sata ba ne.

Mai Fenti Ƙofar Ruwa: To in an gama gugar ai dole a dawo wurina a fesa kiliya, ko ita ma za ku hana ni?

Alhaji Mai Vespa: Kamfani ma ya fesa, a nan ina bayanka.

Baba Na-Fagge: Ni a nan na rabu da ku duka biyun. Kiliya tana rage hasken, kuma a kan fuskar da ta yi santsi sosai ba ta samun wurin kamawa. Ta gwangwani ma zafi da fetur suna cinye ta da wuri, a dawo gidan jiya. Da a Legas ne ko Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima da gishirin teku, sai in ce a fesa. Kano fa? Daminarmu wata huɗu ce, sauran shekara a bushe muke. A bar ƙarfen haka, a shafa masa kakin goge mota, duk bayan 'yan watanni a bi shi da Autosol na minti goma.

Mai Fenti Ƙofar Ruwa: Ta gwangwani dabam, mai haɗi biyu da muke fesa wa mota dabam Baba. Ita fetur ba ya yi mata komai.

Baba Na-Fagge: Na yarda ta fi ƙarfi. In Baban Ilham ya bi shawarar Alhaji ya tsaya a 800, to ta samu wurin kamawa, a fesa, amma sai an wanke murfin da tina har tsumma ya fito fari, don ko ɗan maiƙon man goge ya rage za ta ɓare. In madubi yake so, kaki.

Maman Sadiq: Maigidan ya ce in tambaya, nasa da ya goge bara, lokacin hunturu duk ya yi zane-zane alhali kullum yana share shi da tsumma.

Malamin Kimiyya: Sharewar ce ta jawo, Hajiya. Ƙurar hunturu akwai ɓurɓushin yashi a cikinta, kuma yashi ya fi alminiyom tauri. Busasshen tsumma a kan ƙura samfefa ne. Ki ce masa ya fara zuba ruwa ƙurar ta gangara, sannan ya tsane da tsumma mai laushi, kada ya bar ruwan ya bushe da kansa don na rijiya da na burtsatse suna barin tabo.

Baban Ilham: Baba, kafin in manta, kafireton ma ya yi duhu. Shi ma samfefa?

Baba Na-Fagge: A'a. Yawancinsu akwai tutiya a haɗinsu, ka goge yau jibi ya koma toka-toka, kuma garin samfefa ɗaya ya shiga ƙananan hanyoyin mai ya ishe ka ciwon kai. Ka wanke wajensa da kananzir da buroshi, cikinsa ka bar wa bakanikenka. Murafan ma kafin a mayar, a wanke cikinsu da ruwa da sabulu sau biyu, a busar, don garin guga in ya haɗu da baƙin mai boris yake ci. Sabon gaskit za ka sa, kada a lallaɓa tsohon da gam. Kowace kusa ka shafa wa zarenta ɗan giris, ka ɗaure su a gicciye kaɗan-kaɗan, kada ka matse ɗaya gaba ɗaya kafin sauran. Zaren alminiyom ba ya son ƙarfin tuwo, da ka ji ta zauna ka ƙara ɗan juyi kaɗan ka bari.